Yadda Ake Sayen Mota, Yi Mata Rajista da Sayar da Ita a Ƙasar Waje

Wanda ya tare a wata ƙasa don aiki ko karatu yakan fara harkar mota da duba hotuna a intanet da kwatanta farashi. Nan kuskuren farko yake. A ƙasashen da aka tsaurara doka, ƙarfen motar shi ne abu na ƙarshe da ake dubawa. Abin da hukuma ta sani shi ne sunan da ke kan takarda: shi za a aika wa tara, shi za a bi haraji, shi za a nema in an yi hatsari. Don haka komai yana da jerinsa, kuma wanda ya tsallake mataki ɗaya yakan wayi gari da mota a ƙofar gida wadda ba shi da ikon hawa da ita kan titi.

Fara da kanka kafin motar

Abu uku za ka tabbatar tun ba ka taya kowace mota ba: takardar izinin zama, shaidar adireshi, da lasisin da ya halatta maka tuƙi a ƙasar.

Lasisin da ka zo da shi daga gida yana da wa'adi, kuma ana fara ƙirga shi daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar. Ranar da ka sayi mota ba ta shiga lissafi. A Birtaniya wata 12 ne. A Jamus wata 6 ne daga lokacin da ka yi rajistar mazauninka. A Faransa shekara ɗaya ce. A Amurka kowace jiha da nata tsarin, kuma da yawansu kwanaki kaɗan suke ba sabon mazauni ya nemi lasisin jihar. A Hadaddiyar Daular Larabawa, da zarar ka samu bizar zama, lasisin ƙasar kaɗai ake karɓa daga gare ka. Wasu ƙasashe suna da yarjejeniyar musayar lasisi da wasu ƙasashe ƙalilan. In taka ba ta cikin jerin, sai ka zauna jarrabawar rubutu ka kuma yi ta tuƙi kamar sabon shiga, ko da ka shekara ashirin a kan sitiyari. Ka yi rajistar jarrabawar tun watannin farko, domin layin jira yakan yi tsawo, wa'adin kuma ba ya jiran kowa.

Lasisin ƙasa da ƙasa yana ruɗar mutane da yawa. Fassara ce kawai ta lasisinka na gida, ba ya aiki shi kaɗai, kuma ba ya ƙara maka ko kwana ɗaya a kan wa'adin mazauni. Iri biyu aka fi sani: na yarjejeniyar Janiba ta 1949 mai shekara ɗaya, da na yarjejeniyar Biyana ta 1968 wanda kan kai shekara uku. Amfaninsa ga ɗan yawon buɗe ido ne.

Adireshi ma ba ƙaramin abu ba ne. A Jamus ofishin rajistar motoci na gundumar da kake zaune ne kaɗai zai saurare ka, kuma zai nemi shaidar cewa ka yi rajistar zama a can. A Japan, a yawancin birane, ba a yi wa mota rajista sai ka kawo takarda daga 'yan sanda mai nuna kana da wurin ajiye ta wanda bai wuce kilomita 2 daga gidanka ba.

Tambayi kuɗin inshora kafin ka yi ciniki

Baƙo ba shi da tarihin tuƙi a ƙasar da ya zo, saboda haka kamfanonin inshora suna ɗaukarsa kamar wanda ya fara tuƙi jiya. Yakan faru kuɗin inshorar shekara guda ya kusa kuɗin tsohuwar motar kanta. Ka ɗauki lambar motoci biyu ko uku da kake sha'awa, ka sa su a shafukan kwatanta farashin inshora, ka ga abin da zai fito. Ƙaramin inji da mota marar tsadar kayan gyara suna sauke kuɗin sosai. In kana da inshora a ƙasar da ka baro, ka nemi kamfanin ya rubuto maka wasiƙar shekarun da ka yi ba ka nemi diyya ba, da Turanci ko da harshen ƙasar da kake. Ba kowane kamfani ke karɓa ba, amma wanda ya karɓa zai rage maka da yawa.

Kusan ko'ina doka ta wajabta inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna. Ita ba ta gyara motarka. Cikakkiyar inshora ce ke ɗaukar taka motar, kuma in da bashin banki ka saya, bankin zai tilasta ta. Ka karanta adadin da aka ce kai za ka fara biya daga aljihunka kafin kamfani ya cika sauran, domin inshora mai araha galibi a nan take ɓoye tsadarta.

Akwai dabarar da ake yawan ba baƙi shawara a kai, wai a sa sunan wani daɗaɗɗen mazauni a matsayin babban direba don kuɗi ya sauka, ko a ba da adireshin wata unguwa. Kada ka yarda. Kamfanoni suna ɗaukar wannan a matsayin zamba, kuma ranar hatsari suke bincike. In suka gano, sai su soke inshorar, diyyar duk wanda ya ji rauni ta dawo wuyanka. Haka ma gaya musu gaskiyar abin da za ka yi da motar: inshorar zuwa aiki da dawowa ba ta ɗaukar kai saƙon abinci ko ɗaukar fasinja don kuɗi.

Wace mota, kuma daga hannun wa

Ka duba dokar hayaƙi ta garin da za ka zauna. A Landan, tun 29 ga Agusta 2023 yankin taƙaita hayaƙi mai suna ULEZ ya game dukkan gundumomin birnin, kuma motar fetur da ba ta kai matakin tsaftar hayaƙi na Euro 4 ba ko ta dizal da ba ta kai Euro 6 ba tana biyan kuɗi duk ranar da ta hau titi. Biranen Jamus da yawa suna buƙatar koriyar sitika a gilashin gaba, Faransa kuma tana da nata sitikar mai suna Crit'Air. Wannan ne dalilin da ya sa za ka ga tsohuwar dizal mai kyan jiki a farashin da ya yi kama da kyauta. Mai ita ya san abin da yake gudu. Dizal ɗin zamani kuma ba ta son gajeriyar tafiya: matatar toka da ke cikin salansarta tana buƙatar doguwar tafiya da zafi don ta ƙone abin da ta tara, in ba haka ba ta toshe, gyaranta kuwa da tsada. Wanda zirga-zirgarsa ta cikin gari ce, fetur ko mai haɗa fetur da lantarki ta fi masa. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, motar da aka ƙera don yankin ta fi wadda aka shigo da ita daga Amurka daraja, saboda tsarin sanyaya injinta da na'urar sanyinta an yi su don zafin wurin, kuma da yawa daga cikin na Amurkan motocin hatsari ne da aka saya a gwanjo aka gyara.

Saye a wurin dila mai rajista ya fi tsada, amma doka tana bayanka. A Birtaniya dokar haƙƙin mai saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da mota in ta fito da aibin da yake tun kafin saye. A Jamus dila ba ya iya kuɓuta daga lamunin aibi na aƙalla shekara ɗaya a kan tsohuwar mota. Mai sayar da motarsa ta kansa kuwa yana iya rubuta cewa ya sayar yadda take, kuma in ka sa hannu magana ta ƙare, sai dai in ka iya tabbatar da ya ɓoye aibi da gangan. Ka yi hattara da dillalan da ke shigar burtu su ce motar tasu ce ta gida don su tsere wa wannan lamuni. Tambaya ɗaya tana tona su: ka kira ka ce kana magana a kan motar da aka tallata, ba tare da ka faɗi wacce ba. In ya ce "wacce daga ciki?", ka san da wa kake magana.

Binciken takardu

A nan ya kamata ka fi daɗewa. Yawancin motocin da aka ƙera daga 1981 suna da lambar shasi mai harafi da alƙaluma 17, kuma babu I, O ko Q a cikinta. Za ka same ta a ƙasan gilashin gaba, a jikin ginshiƙin ƙofar direba, da kuma inda aka buga ta a ƙarfen motar, a ɗakin inji ko ƙarƙashin kafet. Ka karanta dukkansu harafi bayan harafi, ka gwada da ta takarda. In ka ga alamar walda, sabon fenti ko kankara a kusa da inda aka buga lambar, ka juya ka tafi. Motar sata in aka gano ta, 'yan sanda za su ɗauke, kuɗinka kuma ya bi ruwa.

Sannan ka tabbatar mai sayarwa shi ne mai motar. Ka nemi katin shaidarsa ka gwada suna da adireshi da na takardar mota, kuma ka je ka ga motar a wannan adireshin. Haɗuwa a gidan mai ko filin ajiye motoci na kanti ba ta ba ka komai da za ka riƙe in matsala ta taso. Kowace ƙasa da takardar da take ɗauka da muhimmanci. A Amurka takardar mallaka ce da ake kira title, kuma ka duba ko an buga mata salvage ko rebuilt, wato motar da kamfanin inshora ya taɓa yanke wa hukuncin ta lalace. A Jamus takardar rajista kashi biyu ce: kashi na ɗaya yana yawo da direba, kashi na biyu yana zama a gida, kuma in akwai bashi a kan motar, banki ne ke riƙe da shi. Wanda ya ce maka kashi na biyu zai biyo baya, kada ka ba shi ko kwabo. A Birtaniya takardar V5C tana nuna wanda ke riƙe da motar ne, an ma rubuta a jikinta cewa ba shaidar mallaka ba ce, don haka rasit ɗin saye yana da muhimmanci a can. A Faransa mai sayarwa dole ya ba ka takardar da ke nuna babu jingina ko hani a kan motar, wadda ba ta wuce kwana 15 da fitarwa ba.

Bashi shi ne tarkon da ya fi kama baƙi. In an sayi mota da rance ba a gama biya ba, mai rancen yana da haƙƙi a kanta ko a hannun wa take. Ka biya kuɗin binciken tarihi: HPI da makamantansa a Birtaniya, Carfax ko rahoton NMVTIS a Amurka, Mojaz a Saudiyya. HistoVec na Faransa kyauta ne, mai motar ne ke fitar da shi ya turo maka. In bincike ya nuna bashi kuma har yanzu kana son motar, a nemi wasiƙar ragowar bashin daga banki, ka biya bankin kai tsaye, ka ba mai motar abin da ya saura.

Mitar tafiya ana juya ta da kwamfuta cikin 'yan mintoci, don haka kada ka dogara da abin da allo ya nuna. Ka bi sawun lambobin a takardun sabis da na gwajin lafiyar mota shekara bayan shekara. A Birtaniya tarihin gwajin lafiyar mota na MOT yana shafin gwamnati kyauta, da lambar mota kawai za ka ga nisan tafiyar kowace shekara da aibin da aka taɓa samu. Lambar da ta ragu, ko ta tsaya cak shekara biyu, ta isa hujja. Ka lura kuma ko mil take ƙirgawa ko kilomita, mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Jikin motar ma yana magana: sitiyarin da ya goge ya yi santsi, robar birki da ta cinye, da kujerar direba da ta lotsa ba sa tafiya da ƙaramar lamba.

Duba motar da ido da hannu

Ka je da rana, kuma ba cikin ruwan sama ba, domin jiƙaƙƙen fenti yana ɓoye tabo. Ka roƙi kada a tayar da ita kafin ka iso, ka taɓa bonet ka tabbatar da sanyi. Yawancin aibin inji a tashin farko yake bayyana: ƙarar sarƙar tayimin ta daƙiƙa biyu ko uku, wahalar tashi, ko hayaƙi. Shuɗin hayaƙi yana nufin inji na shan baƙin mai. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi yana nufin ruwa na shiga silinda, galibi gaskit ya ƙone. Ka buɗe murfin baƙin mai ka duba ko akwai farin kumfa mai kauri a ƙarƙashinsa, ka duba tankin ruwan lagireto ko mai yana yawo a sama.

Kafin ka tayar, ka murɗa makulli zuwa inda fitilun allo ke kamawa. Fitilar inji, ta jakar iska da ta birkin ABS dole su kama sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ta ne. Ƙaramar na'urar OBD da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari tana karanta laifuffukan da kwamfutar mota ta adana. Motocin Amurka suna da wannan soket tun 1996, na Turai masu fetur tun 2001, masu dizal tun 2004. In na'urar ta nuna babu laifi amma gwaje-gwajen cikin kwamfutar ba su kammala ba, an goge laifuffukan kwanan nan ke nan.

A jiki, ka duba tazarar da ke tsakanin ƙofofi, bonet da but: ta zama ɗaya dama da hagu. Ka duba kan notunan da ke riƙe fenda da ƙofofi ko sifana ta taɓa su. Ka ɗaga kafet ɗin but ka ga wurin safaya taya, nan ake ganin lanƙwasar ƙarfe in an taɓa dukan motar ta baya. Warin danshi, laka a ƙarƙashin kujeru da tsatsa a layin kujera alamun ambaliya ne, kuma motar da ta sha ruwa wayoyinta ba sa daina ba da wahala. A ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ka durƙusa da tocila ka duba ƙarƙashi. Tsatsar sama-sama ba komai, amma wadda ta ci gindin ƙofofi ko inda ƙafafun mota ke kamawa tana kayar da mota a gwaji. Taya tana ɗauke da ranar ƙera ta: alƙaluma huɗu na ƙarshen lambar DOT da ke jikinta, misali 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Zurfin zanen taya mafi ƙanƙanta da doka ta yarda da shi a Turai milimita 1.6 ne. Tayar da ta cinye gefe ɗaya tana nuna matsalar saiti ko ta ƙafa. Ka tambayi yaushe aka canza bel ɗin tayimin, a nuna maka rasit, domin in ya tsinke a yawancin injuna bawul da fistin ne ke karo.

Gwajin tuƙi ya kai minti 20 ko 30, a cikin gari da babbar hanya, rediyo a kashe. Ka tabbatar inshora ta ɗauke ka kafin ka karɓi makulli. Ka ji yadda giya ke shiga, ka taka birki da ƙarfi a wurin da babu kowa ka ga ko tana ja gefe, ka murɗa sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali ka saurari ƙas-ƙas daga ƙafar gaba. In ba ka san inji ba, ka biya bakanike mai zaman kansa ko cibiyar gwaji su ɗaga ta. Mai motar da ya ƙi a kai ta gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Biya da rubutu

Kada ka tura kafin alƙalami a kan motar da ba ka gani ba. Labarin mai motar da ya yi tafiya, wai kamfanin sufuri zai kawo maka ita in ka biya, cinikin biri a sama ne, kuma masu sabon zuwa ake nema da shi. Ka biya ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takardar motar, kana tsaye kusa da ita.

Yarjejeniyar sayarwa a yi ta kwafi biyu. A rubuta cikakken suna, adireshi da lambar katin shaidar kowa, lambar shasi, lambar mota, nisan tafiya, farashi, duk aibi ko hatsarin da aka ambata, yawan makullai, da rana har da awa da mintin da aka miƙa mota. Wannan awar ce ke raba tarar kyamara tsakanin tsohon mai ita da sabo. In da harshen da ba ka ji aka rubuta, ka zo da wanda zai karanta maka kafin ka sa hannu. Makulli ɗaya kacal dalilin rage farashi ne, domin yanka na zamani da saita shi yana cin kuɗi.

Rajista

Inshora tana zuwa kafin rajista, rajista kuma kafin tuƙi. A Birtaniya mai sayarwa yana sanar da hukumar rajistar motoci, DVLA, ta intanet, ya ba ka koren yanki na V5C. Da lambar da ke jikinsa za ka biya harajin hanya nan take, domin tun Oktoba 2014 harajin tsohon mai mota ba ya bin motar. Tuƙi babu inshora a can yana jawo tara, maki 6 a lasisi, kuma ana iya ƙwace motar a wurin.

A Jamus ka nemi rana a ofishin rajista, ka tafi da fasfo da izinin zama, kashi biyu na takardar mota, rahoton gwajin da bai ƙare ba, lambar shaidar inshora ta eVB mai harafi da alƙaluma 7 da kamfanin inshora zai ba ka, da izinin cire harajin mota daga asusun bankinka. Wanda ake bin sa tsohon harajin mota ba a yi masa rajista. In motar ba ta da lamba, akwai lambar wucin gadi ta kwana 5 don kai ta gida. A Faransa ta shafin gwamnati na ANTS ake yi, kana da wata ɗaya, kuma in motar ta haura shekara 4 sai da gwajin da bai wuce wata 6 ba, wanda mai sayarwa ne ke yin sa. A Amurka ofishin motoci na jiha za ka je da takardar mallaka da aka sa wa hannu, a can kuma ake karɓar harajin saye a yawancin jihohi, don haka ka sa shi cikin lissafi. A jihar Kalifoniya kwana 10 gare ka. Ka kula da wurin sa hannu a takardar, domin gogewa ko kuskure yana iya ɓata ta. A Dubai ana zuwa cibiyar da hukumar hanyoyi da sufuri, RTA, ta amince da ita, a gwada motar in ta wuce shekara 3, a biya duk tarar da ke kanta, a fitar da sabon katin rajistar mota, wato mulkiya, da sunanka. A Saudiyya ana canza takardar rajistar mota, wato istimara, ta manhajar gwamnati ta Absher ko ta wurin dilolin da aka ba izini, da sharaɗin gwaji da inshora suna da rai.

Kada ka yi wa motarka rajista da sunan aboki don takardunka ba su kammala ba, kada kuma ka ba da sunanka a yi wa wani. A ƙasashe da yawa, a idon doka mai suna shi ne mai mota. In ya ci bashi ana iya kama ta, in ya rasu ta shiga gado, in kuma kai ne ka ba da suna, duk laifin da aka yi da ita ƙofarka za a ƙwanƙwasa.

Ranar sayarwa

Ka fara shiri wata biyu kafin tafiya. Wanda ya bari sai makon tashinsa, dila zai karanta gaggawa a fuskarsa ya taya yadda ya ga dama. Ka biya tara, ka kammala bashi ka karɓi takardar sallama daga banki, ka tattara rasit ɗin sabis. Sabon gwajin lafiya yana ɗaga farashi fiye da abin da ka kashe a kansa. Ka rubuta duk aibin da ka sani a yarjejeniya, shi ne kariyarka daga ƙara.

Wajen gwajin tuƙi ka ga lasisin mai saye, ka zauna a motar tare da shi, kada ka fita ka bar makulli a jiki. Kada ka saki mota sai ka buɗe asusunka da kanka ka ga kuɗi sun zauna. Hoton rasit da saƙon waya ana ƙirƙirarsu, cek kuma yana iya dawowa bayan kwanaki. Wanda ya turo fiye da farashi ya ce ka mayar masa da ragowar, ɗan damfara ne.

Sai babban aikin, wato cire sunanka. Kada ka bar wa mai saye wannan, ko ya rantse zai yi gobe. A Birtaniya ka sanar da DVLA a ranar, za a mayar maka da harajin cikakkun watannin da suka rage. A Faransa ka ja layi a kan takardar motar, ka rubuta an sayar da rana da awa, ka sa hannu, ka shigar da sanarwar cikin kwana 15. A Kalifoniya kwana 5 ne. A Jamus mafi aminci ka soke rajistar kafin ka miƙa mota, in kuwa ka bayar da lambarka a jiki, ka aika kwafin yarjejeniya ga ofishin rajista da kamfanin inshora a ranar. A Saudiyya ba a ba da bizar fita ta ƙarshe ga wanda ke da mota da sunansa. Ka cire na'urar biyan kuɗin hanya kamar Salik na Dubai, ka soke izinin ajiye mota na unguwa, ka goge adireshin gidanka da lambobin waya daga allon motar, ka raba ta da manhajar wayarka. Wajen rufe inshora ka karɓi wasiƙar shekarun da ba ka nemi diyya ba, za ta yi maka amfani a ƙasa ta gaba.

In za ka tafi da ita

Kafin ka biya kuɗin jirgi, ka binciki dokar ƙasar da za a kai ta: iyakar shekarun motar da ake bari ta shiga, ɓangaren da sitiyari yake, da kuɗin kwastan, wanda galibi ake lissafawa a kan darajar mota haɗe da kuɗin dako da inshorar teku. Ƙasashe da dama ba sa yi wa mota mai sitiyari a ɗaya ɓangaren rajista. Amurka ba ta karɓar motar da ba ta cika ƙa'idojinta ba sai ta kai shekara 25. Tarayyar Turai tana yafe kwastan ga mai ƙaura da motarsa in ya mallake ta aƙalla wata 6, ya zauna a waje wata 12, kuma ba zai sayar ba sai bayan wata 12. A Birtaniya ana sanar da hukumar haraji cikin kwana 14 da isowar motar.

A ƙasar da kake bari, ka soke rajista a matsayin fitarwa, ka karɓi takardar shaidar hakan. Kwastan na Amurka suna son ganin takardar mallaka awa 72 kafin a loda. Jirgin da ake tuƙa mota a shiga da ita ya fi araha, amma ba a yarda a bar kaya a ciki. Kwantena ta fi tsada, ita ce kuma ake iya haɗawa da kayan gida. Ka ɗauki hoton motar ta kowane gefe a ranar miƙawa, ka bar mai kaɗan a tanki, ka riƙe makulli ɗaya a hannunka. Takardar lodin jirgi kuma ka duba ta tun kafin jirgi ya tashi: sunan mai karɓa da lambar shasi su yi daidai da na sauran takardu harafi da harafi, domin kuskuren alƙalami ɗaya yana tsare mota a tashar ruwa makonni, kuɗin ajiya yana hawa kullum.